Mai iza wuta a jirgin ruwan tururi: aikinsa, da yadda ajali ya riske shi a Titanic

Tambaya: A jerin sunayen ma'aikatan da suka mutu a jirgin Titanic na ga mutane da yawa an rubuta aikinsu "mai wuta". Da farko na ɗauka 'yan kwana-kwana ne. Wane aiki suke yi, yaya rayuwarsu take, me ya sa kaɗan suka tsira, kuma me ya sami iyalansu?

Amsa: Malam, ba 'yan kwana-kwana ba ne. Su ba kashe wuta suke yi ba, ciyar da ita suke yi. Aikinsu irin na wanda tsofaffin ma'aikatan reluwe ke kira fayaman ne, mai tsayawa kusa da direba yana zuba kwal a murhun kan jirgin ƙasa, sai dai na teku ya fi yawa, ya fi zafi, kuma a can ƙasan jirgi ake yinsa, ƙasa da bakin ruwa. A nan zan riƙa kiransa mai iza wuta. Yawancinsu ba su bar wasiƙa ko hoto ba, abin da ya rage musu layi ɗaya ne a takardar ɗaukar ma'aikata: suna, shekaru, unguwa, jirgin da ya bari, da albashi. Don haka wanda yake son ya san mutumin sai ya bi ta aikinsa, domin aikin ne ya yanke inda yake kwana, abin da yake ci, da inda yake tsaye lokacin da ruwa ya shigo.

Titanic na da tukwanen tururi 29 a cikin ɗakuna shida. Guda 24 baki biyu gare su, gaba da baya, kowane baki da murhu uku. Sauran biyar baki ɗaya ne. Jimillar murhu 159 ke nan. Babbar tukunya faɗinta mita 4.8, tsawonta kimanin mita 6, kuma tana ɗaukar ruwa tan 48 da rabi. Murhun kansa wani katon bututun ƙarfe ne da ke kwance a cikin ruwan tukunyar. Kwal na ci a kan ƙarafan da aka jera kamar gadon suya, iska na shigowa ta ƙasa, zafin ya wuce baya, ya juyo ta ƙananan bututai masu yawa da ke ratsa ruwan, sannan hayaƙi ya haye sama. Ana so ƙarfin tururin ya tsaya a kan 215 a irin ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya, wato kusan ninki bakwai na abin da ake ba tayar ƙaramar mota. Wannan tururi shi ke tura manyan injuna biyu da wani na uku a tsakiya, su juya farfela uku. Shi ne kuma ke juya janaretoci huɗu na lantarki, da famfunan ruwa, da injin sitiyari. Ka riƙe wannan, domin zai dawo a daren haɗarin: in wuta ta mutu, fitila ta mutu, famfo ya tsaya, wayar neman agaji ta yi shiru.

Jirgin na cin kwal sama da tan 600 a rana, yana fitar da toka kamar tan 100, kuma babu wani inji da ke zubawa. Duk da shebur ne. Masu iza wuta 176 aka ɗauka, 13 daga cikinsu shugabannin rukuni, sai masu jan kwal 73 da masu zuba wa inji mai da giris 33. A bakin ma'aikatan jirgi ana kiransu da wani suna mai nufin baƙar ƙungiya, ba don launin fata ba, don ƙurar kwal da ke rufe su tun daga gashi har farce.

Yadda ake iza wuta

Aikin karɓa-karɓa ne: awa huɗu a bakin wuta, awa takwas hutu, sau biyu a rana. Rukuni uku ne, na 12 zuwa 4, na 4 zuwa 8, da na 8 zuwa 12. Kowane mutum murhu uku ake ba shi, wato baki ɗaya na tukunya. In ka raba kwal ɗin rana a kan murahun da ke ci, za ka ga mutum ɗaya na watsa kusan tan biyu a cikin awa huɗu. Nauyin buhun siminti 40 ke nan, shebur bayan shebur, ta ƙofar da ba ta fi tagar ɗaki ba, ga ƙasa tana tangaɗi a ƙarƙashin ƙafarsa.

Amma wanda ya ɗauka ƙarfi kaɗai ne bai san aikin ba. Gwaninta ce, kuma ita ta sa albashinsa ya ɗara na mai jan kwal. Dole kwal ya shimfiɗu daidai wa daida tun daga can ƙuryar murhu har baki, kaurinsa bai wuce tsawon tafin hannu ba. In ya yi tudu, iska ba za ta ratsa ba, wutar ta shaƙe, baƙin hayaƙi ya fita, kwal ya tafi a banza. In ya yi rami, iska mai sanyi ta kutsa ta ramin ta sanyaya tukunya. In an bar ƙofa a buɗe ya daɗe, sanyin da ya shiga zai sa ƙarfe ya tsuke farat ɗaya, bakin bututai ya fara yoyo. Saboda haka gwani yakan buɗe, ya watsa shebur kaɗan, baya tukuna sannan gefe da gefe, ya rufe, ya wuce murhu na gaba. Kuma ba shi ke zaɓar lokaci ba. A jirgin akwai na'urar da injiniya ke saitawa, duk bayan 'yan mintoci ta kaɗa ƙararrawa ta nuna lambar murhun da za a ciyar. In ana son gudu sai a rage tazarar, mutum ya bi ƙararrawa ko ya gaji ko bai gaji ba.

Bayan shebur, kayan aikinsa ƙarafa ne uku masu tsawon da ya fi na mutum. Akwai mai faffaɗan baki wanda ake cusawa ƙarƙashin garwashi a ɗaga shi don iska ta shiga. Akwai mai kama da manjagara na baje wuta da janyo datti. Akwai kuma mai ƙugiya da ake sakace tsakanin ƙarafan gadon ta ƙasa. Babban abokin gabarsa shi ne abin da maƙeranmu ke kira kashin maƙera, wato dattin kwal da ke narkewa ya dunƙule ya manne wa ƙarafa ya toshe hanyar iska. Shi ya sa a kowane rukuni sai an wanke wuta. Za a bar murhu ɗaya ya ci ya yi ƙasa, a ture garwashi mai kyau gefe guda, a fasa kashin da ƙarfe, a janyo shi jajawur ya zubo a gaban ƙafafun mutum, mai jan kwal ya watsa masa ruwa. Nan take wurin ya turnuƙe da tururi da toka da warin farar wuta. Sannan a mayar da garwashin ɗaya gefen, a wanke wancan, a baje, a zuba sabon kwal. Duk wannan da gaggawa, domin allurar ma'auni tana sauka, shugaban rukuni yana tsawa. Tokar kuma a zuba ta a wani mazurari, ruwa mai ƙarfi ya tunkuɗa ta sama ta fice ta gefen jirgi zuwa teku.

Zafin wurin kan haura digiri 49. Mutum na aiki da singileti da wando da takalmi mai kauri, da tsumma a wuya wanda yake cizawa in zai tunkari buɗaɗɗen murhu. Gumin da yake zubarwa na tafiya da gishirin jikinsa, in ya kwankwaɗi ruwan sanyi zalla sai jijiyoyin ciki da na ƙafa su murɗe, ya faɗi yana birgima. Don haka sukan jiƙa garin hatsi a ruwan sha, kamar farau-farau. Ƙuna a hannu da ƙirji abin kullum ne, tari kuma abokin tsufa. A jiragen da ke ratsa Bahar Maliya da zafi, an sha samun wanda zafi ya juya wa kai ya hau sama ya faɗa teku, har hukumomin Ingila suka lura cewa kashe kai ya fi yawa a cikin masu iza wuta da masu jan kwal fiye da sauran ma'aikatan jirgi.

Mai jan kwal ya fi shi shan wuya, ga albashi ƙasa. Shi ke cikin rumbun kwal, cikin duhu da ƙura, da 'yar fitila, yana fasa manyan dunƙule, yana cika baro, yana turawa da gudu ya juye a gaban murhu. Dole ya riƙa ɗiba daidai daga dama da hagu don kada jirgi ya karkata. Tudun kwal na iya zamewa ya binne shi. Kwal da aka tara kuma yakan kama wuta da kansa daga ciki, kuma hakan ta faru a Titanic: wani rumbu a ɓangaren dama, tsakanin ɗaki na 5 da na 6, ya yi ta ci a hankali tun kafin a bar Ingila, sai ranar Asabar 13 ga Afrilu 1912 aka gama kwashe shi. Wasu na cewa wannan wutar ce ta nutsar da jirgin. Ban yarda ba. Irin wannan wuta ba baƙuwa ba ce a jiragen kwal, maganinta shi ne a kwashe kwal ɗin a zuba a murhu, kuma ɓarnar da dutsen ƙanƙara ya yi ta isa ta nutsar da jirgin ko da rumbun bai taɓa ɗumi ba.

Rayuwarsa a wajen murhu

Albashin mai iza wuta a Titanic fam 6 ne a wata, wato sule 4 a rana. Mai jan kwal fam 5 da sule 10, shugaban rukuni fam 6 da sule 10. Kyaftin Edward Smith kuwa fam 1,250 yake karɓa a shekara. Kuma fam 6 ɗin ba kowane wata ba ne. Ba ma'aikacin dindindin ba ne, tafiya-tafiya ake ɗaukarsa. Jirgi ya dawo, a biya shi, a sallame shi, ya koma bakin tasha neman wani. Jarinsa duka wani ɗan littafi ne da ake buga wa hatimi bayan kowace tafiya a kan aikinsa da halinsa. In hatimin ya ɓaci, samun jirgi na gaba ya zama wahala.

Mafi yawansu mutanen Southampton ne, garin Ingila da Titanic ya tashi daga tasharsa, daga unguwannin talakawa na kusa da tasha irin su Northam da Chapel. Farkon shekarar 1912 ta zo musu da tsanani, domin masu haƙar kwal na Birtaniya sun shiga yajin aiki tun ƙarshen Fabrairu har zuwa 6 ga Afrilu. Jirage suka yi cirko-cirko a tasha, magidanta suka yi makonni babu aiki, ana kai kayan ɗaki jingina. Kwal ɗin da Titanic ya tashi da shi ma sai da aka kwaso wani daga cikin wasu jiragen. Da aka buɗe ɗaukar ma'aikata ranar 6 ga Afrilu, samun gurbi a sabon jirgi arziki ne babba. An san labarin 'yan'uwa uku masu suna Slade da suka makara a mashaya ranar tashi, 10 ga Afrilu, jirgin ƙasa ya gitta musu a hanyar tasha, suka iso ana janye tsani, aka ɗauki wasu a madadinsu. Wani mai iza wuta, John Coffey, ya sulale a Queenstown ta ƙasar Ailan, tashar ƙarshe kafin a shiga Atlantika. Waɗannan kwanansu ne ke gaba.

A cikin jirgi makwancinsu na can goshi, inda igiyar ruwa ta fi duka, gadajen ƙarfe hawa-hawa, mutum da yawa a ɗaki, kowane rukuni da nasa. Daga nan wasu matakala masu murɗiya ke sauka har ƙasa, su haɗu da wani dogon lungu da ke kaiwa ɗakin tukwane na 6. An yi lungun ne don su je aiki su dawo ba tare da fasinja ya gan su ba. Attajirin da ke cin abinci a sama zai iya ƙetare teku bai taɓa haɗa ido da ko ɗaya daga cikin masu tura shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan sana'a ba ta Turawa kaɗai ba ce. Jiragen Ingila da yawa sun dogara da mutanen Yaman da Somaliya da Indiya a bakin murhu, har suka kafa unguwanni a Cardiff da South Shields. Jiragen kamfanin Elder Dempster da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da Legas kuwa sun cika ɗakin wutarsu da mutanen Afirka ta Yamma, musamman Kru na Laberiya da Saliyo, a kan albashin da bai kai na Bature ba.

Daren 14 ga Afrilu

Ƙarfe 11:40 na dare jirgin na gudun kusan kilomita 41 a awa, an kunna duk manyan tukwane 24. Rukunin 8 zuwa 12 saura minti ashirin su tashi. Rukunin 12 zuwa 4 na shirin sauka ƙasa su karɓi aiki, na 4 zuwa 8 na barci a goshi, daidai saman inda dutsen ƙanƙara ya goga.

Abin da ya faru a ƙasa mun san shi ne daga shaidar waɗanda suka tsira a gaban kwamitocin bincike na Amurka da Ingila, musamman Frederick Barrett, shugaban rukuni a ɗaki na 6. Jar fitilar tsayawa ta kama, ya yi ihu a rufe marufan iska. Dalilin haka a fili yake: injuna sun daina shan tururi amma wuta na ci ganga-ganga, in ba a toshe mata iska ba ƙarfin zai yi ta hawa. Ba su gama rufewa ba sai ruwa ya ɓarko ta gefen dama, kamar ƙafa biyu sama da daɓen ƙarfen da suke tsaye. Shi da injiniya Hesketh suka yi tsalle ta ƙofar shiga ɗaki na 5 tana saukowa, domin daga sama aka danna aka rufe ƙofofin tare ruwa. Wanda ƙofa ta rufe da shi, hanyarsa ɗaya ce: tsanin ƙarfe da ke miƙewa sama. Da Barrett ya zagaya ta sama ya leƙa ɗaki na 6 bayan kamar minti goma, ruwa ya kai ƙafa takwas. A goshi kuma wani shugaban rukuni, Charles Hendrickson, ya leƙa ƙasan matakalar nan mai murɗiya ya ga ruwa na kwarara cikin lungunsu.

An raba jirgin gida 16 da bangaye 15. Zai iya zama a kan ruwa in huɗu na gaba suka cika. Ƙanƙarar ta buɗe biyar, ta taɓa na shida, kuma bangayen ba su kai har sama ba. Goshi na nutsewa, ruwa na tsallake bango yana faɗa wa ɗaki na gaba.

Daga nan aikin mutanen wuta ya rabu biyu. Na farko, janye wuta daga tukwanen gaba. A lokacin ana tsoron in ruwan teku mai sanyi ya taɓa tukunya mai zafi za ta fashe, don haka sai a yashe murhu: a janyo garwashi duka da manjagara ya zubo ƙasa, a kashe da ruwa, murhu bayan murhu, cikin tururin da mutum ba ya ganin hannunsa, wasu ruwa na kai musu gwiwa. A ɗaki na 5 fitila ta ɗauke na ɗan lokaci, aka aika a kawo fitilun hannu, aka kira masu iza wuta kamar 15, suka yashe wutar cikin kimanin minti ashirin. Tururin da ya yi yawa kuma aka sake shi ta bututan da ke jikin manyan mazurarin hayaƙi, da ƙarar da ta sa mutane a sama ba sa jin maganar juna. An buɗe wani murfi a daɓe don a kai ga bawul ɗin famfo, injiniya Jonathan Shepherd bai gani ba saboda tururi, ya faɗa ya karya ƙafa. Aka kwantar da shi a ɗakin famfo. Wajen ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci ruwa ya ɓalle ya shigo ɗaki na 5 gaba ɗaya. Injiniya Herbert Harvey ya ce wa Barrett ya hau, shi kuma ya nufi wajen Shepherd. Ba a sake ganinsu ba.

Aiki na biyu kishiyar na farko ne: a riƙe wuta a tukwanen baya don famfo da lantarki su ci gaba. An buɗe wasu ƙofofin tare ruwa da hannu, aka jawo manyan bututan zuƙo ruwa zuwa gaba. Famfo ba zai iya cin ƙarfin teku ba, amma ya sayi lokaci. Fitilun jirgin ba su mutu ba sai saura 'yan mintoci ya nutse, ƙarfe 2:20. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta a riƙa faɗa game da mutanen nan. Da a cikin duhu aka sauke kwale-kwalen ceto, da ba a aika saƙon da jirgin Carpathia ya ji ya taho ba, da mutum ɗari bakwai da 'yan kai da suka tsira ba su kai haka ba.

Me ya sa kaɗan suka tsira

Alƙaluman binciken Ingila sun nuna sashen inji na da mutum 325, 72 suka tsira. Sashen matuƙa kuwa 66 ne, 43 suka tsira, domin su ke sauke kwale-kwale su kuma tuƙa. Cikin masu iza wuta 176 kimanin 48 suka rayu, masu jan kwal 20 cikin 73, masu giris 4 cikin 33. Injiniyoyi 25, har da babbansu Joseph Bell, babu ko ɗaya.

Dalilan sun taru ne. Kwale-kwale 20 ne, masu ɗaukar 1,178, a jirgi mai mutum sama da 2,200, kuma da yawa an sauke su ba su cika ba. Mata da yara ake fara sawa, mai iza wuta kuwa namiji ne, ma'aikaci, ba shi da wuri sai in jami'i ya ce ya shiga ya ja filafili. Ba a yi musu atisaye ba, wasunsu ba su ma san lambar kwale-kwalensu ba. Waɗanda aka riƙe a ƙasa ba a sallame su ba sai bayan ƙarfe ɗaya, sannan su hau tsani hawa da yawa cikin jirgin da ya karkata, su iso sama yawancin kwale-kwale sun tafi. Sai kuma sutura. Mutum ya fito daga zafin digiri 49 da singileti sharkaf da gumi, ya faɗa ruwan da sanyinsa ya kai digiri 2 ƙasa da sifili. A irin wannan ruwa numfashi ke fara sarƙewa, cikin 'yan mintoci hannu ya daina riƙo, yawanci kafin rabin awa rai ya yi halinsa. Rigar ceto na hana mutum nutsewa, ba ta hana sanyi. Carpathia bai iso ba sai wajen ƙarfe 4 na asuba. Wasu daga cikin masu iza wuta sun rayu ne a tsaye a bayan wani kwale-kwale da ya kife, su kusan talatin, har gari ya waye.

Abin da ya biyo baya

Dokar jiragen kasuwanci ta Birtaniya ta 1894 ta ce albashin ma'aikaci na tsayawa ne ranar da jirgi ya halaka. Kamfanin White Star, mai jirgin, ya bi dokar: 15 ga Afrilu lissafi ya tsaya, ga mamaci da mai rai. Mutanen sun san haka tun suna kan ruwa. A kwale-kwale na 1, wanda ya tafi da mutum 12 alhali yana ɗaukar 40, wani mai iza wuta ya gaya wa attajiri Cosmo Duff-Gordon cewa sun rasa kayansu, kuma albashinsu ya yanke daga daren nan. Attajirin ya ba kowane ma'aikaci a ciki fam 5, abin da daga baya ya jawo masa zargin cin hanci, kodayake binciken bai same shi da wannan laifi ba.

Southampton ta rasa mutum 549 a dare ɗaya. Mata suka yi kwanaki a ƙofar ofishin kamfani suna jiran a liƙa sunaye, sunayen kuma na zuwa da kurakurai, domin ta waya aka turo su, ga masu suna iri ɗaya. Akwai layin da kusan kowane gida ana zaman makoki. Dokar diyyar ma'aikata ta 1906 ta ba iyali kuɗin shekara uku, kada ya gaza fam 150, kada ya wuce fam 300. Asusun taimako da jama'a suka tara ya haura fam 400,000, ana ba zawarawa da marayu kaɗan-kaɗan kowane mako, ana kuma aika mai duba yadda suke zaune. Wadda ta sake aure, nata kason ya tsaya.

Abokan aikinsu ba su yi shiru ba. Ranar 24 ga Afrilu, kwana tara bayan haɗarin, masu iza wuta kusan 300 suka sauka daga Olympic, ɗan'uwan Titanic, ana dab da tashi, suka ce ba su yarda da kwale-kwalen zane da aka lafta masa cikin gaggawa ba. Sai da aka soke tafiyar. Waɗanda suka tsira kuwa yawancinsu teku suka koma, domin ba su da wata sana'ar. Arthur John Priest ya tsira daga Titanic, ya tsira daga nutsewar jiragen Alcantara da Britannic a 1916, da Donegal a 1917, ya mutu a gida a 1937. Abin da ya kashe sana'ar a manyan jirage shi ne baƙin mai: da aka mayar da Olympic mai ƙona mai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutum kamar 60 suka wadatar a inda da ake buƙatar 350.

Shi kuma wanda ya mutu, mafi yawa ba a ga gawarsa ba. Jirgin Mackay-Bennett da aka aika daga Halifax ta ƙasar Kanada ya tsamo gawa 306, ya mayar da 116 teku, ya kawo 190 tudu. Fasinjojin babban aji su aka sa a akwati. Waɗanda aka ɗinke a tamfol da ƙarfe aka mayar ruwa galibi ma'aikata ne da fasinjojin ƙaramin aji. Mai iza wuta ba ya sauka bakin aiki da takarda a aljihu, saboda haka magatakarda sai ya rubuta abin da ya gani: lambar gawa, kimanin shekaru, launin gashi, zanen da ke dantse, wandon aiki, sannan ya ƙara cewa da alama mai wuta ne. A maƙabartar Fairview da ke Halifax an binne 121. A cikinsu akwai Joseph Dawson, mai jan kwal daga Dublin, gawa ta 227, wanda aka gane saboda katin ƙungiyar ma'aikata da ke jikinsa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na duwatsun wurin babu suna a kansu, sai ranar mutuwa, 15 ga Afrilu 1912, da lambar da aka ba mutumin lokacin da aka ɗauko shi daga ruwa.